Bizar "hutu da aiki" da ta koyon aiki: abin da ya kamata iyaye su sani kafin su kunce jaka

A kasuwanninmu na kan iyaka, daga Dan Issa zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, mun saba mu ƙetare da katin shaida kawai, mu yi ciniki mu komo gida. Wannan sabo shi ne dillalan biza ke amfani da shi, suna gaya wa iyaye cewa da ƴan kuɗi kaɗan ɗansu zai tafi Turai ko Kanada "hutu da aiki". To, bari mu warware zare da abawa.

Bizar hutu da aiki gaskiya ce, akwai ta. Ƙasashe irin su Ostareliya, Kanada, Niyuzilan da Faransa suna ba matasa, galibi masu shekara 18 zuwa 30, izinin zama kamar shekara guda suna aiki suna yawon buɗe ido. Sai dai ana ba da ita ne ga ƴan ƙasashen da aka ƙulla yarjejeniya da su kaɗai. Faransa, alal misali, ta ƙulla da Japan, Koriya ta Kudu, Ajantina, Kanada da wasu. Nijar ba ta ciki, haka Najeriya, Cadi, Kamaru da Gana. Shirin matasa na Ingila ma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsa. Duk wanda ya ce zai samo wa ɗan Maraɗi ko ɗan Katsina wannan biza da fasfon ƙasarsa, kuɗinku yake so ya ci.

Bizar koyon aiki kuwa daban take, ta ɗalibai ce. A Faransa, tushenta takardar yarjejeniya ce mai sa hannun mutum uku: ɗalibin, makarantarsa da kamfanin da zai karɓe shi. Idan babu makaranta a tsakani, babu biza. Koyon aikin da bai wuce kwana 90 ba yana shiga ƙarƙashin bizar Shengen ta gajeren zama, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun watan Yuni na 2024, wato kusan jaka 59 na sefa. In ya wuce wata uku, sai bizar dogon zama, yuro 99, kuma sai hukumomin Faransa sun amince da yarjejeniyar tukuna. Ko an hana biza, ba a mayar da waɗannan kuɗi. Mu kuma tuna cewa ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a watan Janairu na 2024.

A Amurka, bizar ita ce J-1. Ɗalibin jami'a, ko wanda ya gama bai wuce wata 12 ba, yana buƙatar wata ƙungiya da gwamnatin Amurka ta amince da ita ta ba shi takarda mai lamba DS-2019, kuma zamansa ba zai wuce shekara ba. Amma ƙofar ta ƙuntata: a watan Yuni na 2025 Amurka ta hana ƴan Cadi da Sudan shiga, a Disamba na shekarar ta ƙara Nijar, Mali da Burkina Faso, ta kuma dakatar da bizar ɗalibai da ta J ga ƴan Najeriya.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, kafin a sayar da buhunan wake ko a taɓa jari, a tambayi dillali abu uku. Wace makaranta ce ta sa hannu? Wane kamfani ne zai karɓi yaron, a wane gari? Ina rasit na ofishin jakadanci? Jami'in ofishin jakadanci ne kaɗai ke yanke hukuncin biza, don haka mai cewa ya ba ku tabbaci ƙarya yake yi. Kada kuma a damƙa fasfo ga wanda ba shi da ofis.

Hatsarin bai tsaya ga kuɗi ba. Wanda aka kama da takardun bogi, ko ya shiga da bizar ziyara ya kama aiki, za a iya korar sa, a kuma hana shi biza na shekaru, har ranar da ya samu gurbin karatu na gaske. Yaron da ke jami'a ya fara zuwa ofishin hulɗa da ƙasashen waje na makarantarsa, can ne hanyar ta fara. Allah ya kiyaye mana dukiya da zuri'a.