Haƙƙin baƙo a addinin Yahudawa

Mutanen ƙasar Haɗejiya, inda ambaliyar 2022 ta raba jama'a da gidajensu, sun san darajar masauki. A addinin Yahudawa ma karɓar ɗan gudun hijira wajibi ne, domin Attaura ta nanata umarnin kyautata wa baƙo, tana tuna wa Banu Isra'ila zaman baƙuncinsu a Masar. Wannan koyarwa ce tushen ƙungiyar HIAS, wadda aka kafa a New York saboda Yahudawan da suka tsere daga Rasha. Wani zai ce ai Yahudawa 'yan uwansu kaɗai suke taimaka wa. To amma tun 2005 HIAS ke aiki a sansanonin gabashin Chadi, inda 'yan Darfur, galibinsu Musulmi, suke zaune, kuma a Amurka ta tsugunar da 'yan Siriya da Afganistan.