Tsara Aikin Rukuni ga Ɗalibai Masu Karatu ta Intanet

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, koyarwa ta intanet ta shiga jami'o'in da a da ba su saba da ita ba. A wannan takarda za mu duba ɓangare guda na wannan koyarwa, wato aikin rukuni. Ƙorafin da aka fi yi a kansa shi ne, ɗalibi ɗaya ko biyu ke yin aikin, sannan a raba maki daidai da waɗanda ba su tsinana kome ba. In haka ta faru, makin ya daina nuna ilimin mai shi.

2.0 Tushen Matsalar

Wannan matsala ta girmi intanet. A 1913, Max Ringelmann, masanin aikin gona a Faransa, ya nuna cewa in mutane suka taru suna jan igiya, ƙarfin da kowannensu ke sawa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar yawansu. Binciken Williams da Harkins da Latané na 1981 ya nuna cewa mutum yakan sassauta in ya san ba za a iya tantance nasa ƙoƙarin ba.

A aikin gayya, kowa da kunyarsa a gona, wanda ya yi baya kuwa kowa na ganinsa. Ɗalibin intanet yana ɗakinsa, ba idon malami ba na abokin karatu. Ke nan wajibi ne tsarin aikin ya maye gurbin wannan ido.

3.0 Sharuɗɗan Tsarawa

Na farko, aikin ya kasance ba ya kammaluwa sai da hannun kowa. David da Roger Johnson na Jami'ar Minnesota sun sa dogaro da juna da kuma alhakin kowane ɗalibi a cikin ginshiƙai biyar na koyon haɗin gwiwa. Dabarar da Elliot Aronson ya fito da ita a 1971 a garin Austin na Amurka misali ce. Alal misali, in ana nazarin waƙar baka, ɗaya ya ɗauki jigo, ɗaya zubi da tsari, ɗaya salo, ɗaya tarihin mawaƙi. Masu ɓangare iri ɗaya daga rukunoni daban-daban su fara tattaunawa, sannan kowa ya koma ya koyar da nasa rukunin.

Na biyu, a ganinmu rukuni kada ya wuce mutum huɗu ko biyar, kuma malami ne zai haɗa shi, don kada a bar wanda bai san kowa ba a baya.

Na uku, a ba da lokacin sabo. Gilly Salmon, a littafinta na 2000, ta jera matakai biyar na koyo ta intanet, inda samun shiga da sanin juna suka gabaci musayar ilimi. Saboda haka makon farko ya zama na gabatar da kai da rubuta yarjejeniyar wa zai yi me, kuma yaushe.

Na huɗu, a yi la'akari da halin ɗalibai. Inda wuta ba ta tsayawa kuma data na da tsada, taron bidiyo kai tsaye yakan ware marasa hali. Ya fi dacewa a dogara da abin da kowa zai yi a lokacin da ya samu dama, kamar zauren tattaunawa na Moodle ko rubutun haɗin gwiwa a Google Docs, wanda ke adana tarihin abin da kowa ya rubuta.

Na biyar, a kasa maki kashi uku: na aikin rukuni, na gudummawar kowane ɗalibi, da na kimantawar da suka yi wa juna. A sanar da su wannan tun farko, kuma a karɓi aikin daki-daki, domin a gano rukunin da ya lalace tun da sauran gyara.

4.0 Kammalawa

Mun ga cewa nasarar aikin rukuni tana ga irin tsarin da malami ya yi tun kafin ɗalibai su haɗu. Muna ba da shawara ga sassan jami'o'inmu su amince da ƙa'ida guda ta rabon maki, don kada kowane malami ya bi tasa.