Taurarin Da Ke Nuna Hanya

A zamanin da, madugun ayari mai ratsa hamada zuwa Bilma da taurari yake gane hanya idan dare ya yi. A yau ma taurari ne ke yi wa matafiyi jagora, sai dai na ɗan'adam ne, kuma wayar aljihunsa ce ke karanta su.

Sunan wannan tsari GPS, kuma Amurka ce ta harba tauraronsa na farko a 1978. Taurarin suna kewaya duniya a nisan kilomita kimanin 20,200, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa. Saƙon yana gudu irin na haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Waya takan auna jinkirin isowarsa daga taurari huɗu aƙalla, sannan ta lissafa inda mai ita yake.

Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yakan kauce wa gaskiya da mita 300. Ashe abin da ke kama da tatsuniya, tushensa darasin aji ne: a ninka sauri da lokaci, a sami nisa.