Ƙananan Zanzaro Masu Gadin Gona da Wahalar Gane Su

Duk wanda ya taɓa noman tumatir na rani, a Kadawa ne ko a wata fadamar, ya san farin ƙuda. Da an girgiza ganye sai su tashi buu, jim kaɗan su koma. 'Ya'yansu kuwa na manne a bayan ganye, ba motsi, suna tsotsar ruwan shuka. Idan ka samu madubin ƙara girma ka duba ɓawon da suka bari, iri biyu za ka gani. Wani ya tsage a gadon baya, tsaga ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye. Ta nan farin ƙuda ya fita lafiya lau. Wani kuma rami ne zagayayye a jikinsa. Wannan ba farin ƙuda ya fito daga cikinsa ba. Wata halitta ce ta cinye shi ta ciki, ta girma, ta huda ta yi gaba.

Halittar nan dangin zanzaro ce. Halinta ɗaya da na wanda ke ɗora ɗakin laka a kusurwar bango ya cusa wa ɗansa tsutsa, sai dai ita ba ta gini: jikin ƙwaron shi ne ɗakin, shi ne abincin. Yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Wadda ta fi shahara, Encarsia formosa, an raɗa mata suna a 1924, kuma tun 1926 aka fara kiwonta a Ingila don kare tumatir a gidajen gilashi. Ɗan farin ƙudan da ta saka wa ƙwai a can baƙi ƙirin yake zama, har manomi ya iya ƙirgawa da ido.

Matsalar ita ce yawansu. Babban dangin da suka fito, Chalcidoidea, an yi wa sama da iri 22,000 suna, masana kuma na hasashen za su kai 500,000. Encarsia kaɗai ta haura iri 400. Kowace da abin da take ci: wata farin ƙuda, wata ƙwari masu ɓawo da ke manne wa lemo, wata masu lulluɓin farin gari. Akwai wadda iri ɗaya tak take kamawa, ko yunwa za ta kashe ta.

Aikin gane su aikin haƙuri ne. Ana yanko guntun ganye mai ƙwaro ɗaya, a sa a kwalba shi kaɗai, a jira abin da zai fito, don a tabbatar wa ya ci wa. In ta fito sai a jiƙa ta a sinadari har jikin ya yi garau, sannan a ƙarƙashin madubin likita a cire kai, a cire fukafukai, a shimfiɗa kowanne a kan gilashi da wani irin ƙaro. Daga nan sai ƙirga. Ƙahon jin macen Encarsia gaɓa 8 ne. Na macen wani jinsin zanzaron, Eretmocerus, gaɓa 5 ne, ta ƙarshen doguwa. Tafin ƙafar Eretmocerus gaɓa 4 ne duka, na Encarsia formosa kuwa 5 ne a gaba da baya, 4 a tsakiya. Har gashin fiffike da na ƙirji sai an ƙirga. Hannu ya ɗan yi rawa, aikin yini ya tafi.

Mazan ma wani ciwon kai ne. A yawancin Encarsia, namiji ba ya girma a jikin farin ƙuda kai tsaye, sai a jikin tsutsar wata zanzaron, wani lokaci ma 'yar'uwarsa. Ita formosa kusan ba ta da maza sam, saboda wata ƙwayar halitta mai suna Wolbachia da ke sa ta haifi mata zalla.

Wani zai ce ina amfanin ɓata ido a kan gashin abin da ba a gani? Masu lambun lemo na Kalifoniya sun biya kuɗin amsar. Shekara da shekaru ana tura masu bincike Asiya neman abin da zai kashe musu jan ƙwaro mai ɓawo. Sukan tarar da zanzaron Aphytis, su ce ai wannan muna da shi a gida, su wuce. Ashe iri daban ne. Sai da aka bambance su aka kawo Aphytis melinus daga Indiya da Pakistan wajen 1957, kuma har gobe da ita ake aiki.

Namu labarin ya fi wannan zafi. A 1973 aka ga wani baƙon ƙwaro mai farin gari a kan rogo a ƙasar Kwango. Yana sa kan rogon ya dunƙule, ganye ya zube, a wasu gonakin asara ta kai kashi 80 cikin 100. Ba wanda ya san shi. Sai a 1977 wata masaniya Bafaranshiya, Danièle Matile-Ferrero, ta ba shi suna Phenacoccus manihoti. Tunda asalin rogo daga nahiyar Amurka yake, can aka nufa neman abokin gabansa. A arewacin Kudancin Amurka aka samu wani ƙwaro mai kama da shi sak, aka kwaso zanzaron da ke cinsa, aka kawo, suka ƙi yin komai. Alamar tana nan tun farko: na can yana da maza, na Afirka kuwa mata ne zalla. A 1981 aka tabbatar iri biyu ne, aka kira na can Phenacoccus herreni, da sunan Hans Herren, ɗan Suwizalan da ke jagorantar aikin a cibiyar IITA ta Ibadan. A daidai wannan lokaci Anthony Bellotti na cibiyar CIAT ya gano ainihin ƙwaron a Faraguwai, inda bai dami kowa ba. Abin da ke danne shi a can wata zanzaro ce, Anagyrus lopezi, wadda aka yi wa suna a Ajantina tun 1964 ba tare da an san za ta yi rana ba. A ƙarshen 1981 aka sake ta a Ibadan, daga baya har da jirgin sama aka riƙa watsa ta, ta bazu ƙasashe sama da 20. Herren ya karɓi Lambar Abinci ta Duniya a 1995. A ganina masu zaman daɓaro a gaban madubi sun cancanci rabin yabon.

Yanzu gwajin ƙwayar gado ya shigo, ya kuma nuna cewa shi kansa farin ƙudan tumatir da rogo, Bemisia tabaci, tarin iri ne sama da 30 da ido ba ya rabewa. Amma gwajin ba ya raɗa suna. Yana kwatanta ne da abin da wani ya riga ya tantance a kan gilashi, masu wannan gwaninta kuma ba su da yawa. Manomi dai abin da ke hannunsa shi ne ya duba bayan ganye kafin ya ɗauki famfon feshi, domin maganin da farin ƙuda ya saba da shi yakan gama da zanzaron nan take.

Ƙwaron rogon ya ɓulla a Tailan a 2008. Wannan karon an san sunansa, an san wadda ke cinsa. A 2009 aka ɗauki Anagyrus lopezi daga tashar IITA da ke Jamhuriyar Benin, a 2010 aka sake ta a gonakin can.