Shekara 55 na Leadway: Me ya sa inshora ba ta samu gindin zama a Arewa ba?

A 1970 ne marigayi Sir Hassan Odukale ya kafa kamfanin inshora na Leadway a Kaduna, inda ya soma aiki a 1971 da inshorar motoci. A 2025 kamfanin ya cika shekara 55, kuma yana cikin mafiya girma a Najeriya. Ya ga bayan kamfanoni da dama, musamman a garambawul ɗin da aka kammala a 2007, wanda ya rage yawan kamfanonin inshora daga fiye da 100 zuwa 49.

Sai dai duk da cewa a Arewa aka yanke cibiyarsa, har yau harkar ba ta shiga jikin jama'ar yankin ba. A faɗin ƙasa ma, kason inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arziki ba.

Direban da ke jigila tsakanin Sakkwato, Boɗinga da Shagari ya san inshora ne a matsayin takardar da ake nuna wa ɗan sanda. Tun Janairun 2023 kuɗin wannan takarda ya tashi daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida, amma ba kowa ya san cewa za ta iya biyan diyyar ɓarnar dukiyar wani har ta Naira miliyan 3 ba. Haka ma'aikata da yawa ba su san Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki yi musu inshorar rai da ta ninka albashin shekara sau uku ba.

Gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ta nuna illar wannan giɓi, domin ɗan kasuwar da ba shi da inshora sai dai ya jira tallafin gwamnati ko na 'yan uwa.

Ƙalubale uku ne ke gaban Leadway da takwarorinsa. Na farko shi ne jari: dokar inshora ta 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa Naira biliyan 15 ga inshorar dukiya, biliyan 10 ga ta rai. Na biyu shi ne addini, domin malamai da dama na ganin akwai riba da garari a inshorar da aka saba. Wannan ne ya sa hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, tsarin da mahalarta ke tara gudummawa don taimakon juna, a raba musu rarar da ta saura.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne amana. Manomin albasa ko mai shago a Boɗinga ba zai saki kuɗinsa ba sai ya ga maƙwabcinsa ya yi asara an biya shi ba tare da jeka-ka-dawo ba.