Rawar Niyurofeftaid Wajen Sakin Tsokar Tumbi

Da zarar mutum ya haɗiye loma, ɓangaren sama na tumbinsa yakan saki jiki, ya buɗe, domin karɓar abinci ba tare da matsi ya ƙaru ba. Cannon da Lieb suka bayyana wannan hali a shekarar 1911. Umurnin yakan sauko daga ƙwaƙwalwa ta jijiyar bagus zuwa ƙananan jijiyoyin da ke bangon tumbi, su kuwa su fitar da sinadarai masu hana tsoka ɗaurewa.

Daga cikinsu akwai niyurofeftaid, wato gajeren furotin da jijiya ke aika saƙo da shi. Fitacce shi ne VIP, mai amino asid 28, wanda Said da Mutt suka tace daga hanjin alade a 1970. An daɗe ana ɗaukarsa jigon aikin, har zuwa wajejen 1990 da aka gane rawar iskar naitirik okzaid. A ganina, rage masa daraja kuskure ne. Iskar ce ke fara sakin nan take, amma in jijiya ta ci gaba da harbawa da sauri, VIP ke riƙe tsokar a sake na tsawon lokaci. Idan sakin ya gaza, mutum kan ƙoshi da 'yan lomomi kaɗan, cikinsa ya yi nauyi.