Na'urar Hoton Zuciya: Jari Mai Tsada, Buƙata Mai Yawa

Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawaitar raunin tsokar zuciya a tsakanin mata masu jego. A yau na'urar ɗaukar hoto ta maganaɗisu, watau MRI, tana nuna tabon da ke cikin tsokar bayan allurar sinadarin gadoliniyam, abin da ke taimaka wa likita hasashen ko zuciyar za ta farfaɗo.

Sai dai ga 'yan kasuwar Suleja, maƙwabciyar Abuja, masu niyyar zuba jari a harkar asibiti, kuɗin sayen na'urar somin taɓi ne. Maganaɗisunta na buƙatar sanyin iskar hiliyam da wutar lantarki ba yankewa. Idan sanyin ya gushe, aiki ya tsaya, jari ya kwanta, majiyyata kuma su koma jira.